Guringuntsin Gwiwa Ya Ɓalle: Wace Tiyata Ta Fi Dacewa da Babba a Legas?

Ga mai dako a kasuwar Mile 12 ko mai tura baro a Agege, gwiwa ita ce jari. Cutar da likitoci ke rubutawa OCD tana samuwa ne idan jini ya gaza isa wani ɗan yanki na ƙashin cinya, can ƙarshensa cikin gwiwa, sai yankin ya saki tare da guringuntsin da ke kansa. Gwiwa ta riƙa kumbura, wani lokaci ta sarƙe ana tsaka da tafiya. Yaron da ƙashinsa bai gama girma ba yakan warke da hutu, babba kuwa da wuya. Mai ɗori ba shi da abin yi a nan, domin ba karaya ba ce.

Kafin maganar kuɗi, a yi hoton MRI. Shi zai nuna ko guntun na nan a mazauninsa, da faɗin ramin da zurfinsa.

In guntun yana da ƙashi mai kyau a jikinsa, a ganina babu abin da ya kai mayar da shi. Likita zai kankare ramin har jini ya fito, ya cike da ɗan ƙashi in da buƙata, sannan ya danne guntun da ƙusa. Ta ƙarfe tana riƙewa sosai, amma sau da yawa sai an sake shiga an cire ta. Mai narkewa a jiki ba ta buƙatar haka, sai dai takan karye ko ta jawo kumburi. Guringuntsin da Allah ya halicce ka da shi, babu madadinsa.

Abin da ke damuna shi ne cire guntun kawai a bar ramin. Ya fi sauƙi, ciwo ya lafa, mutum ya koma kasuwa da wuri. Amma in wurin na ɗaukar nauyin jiki, bayan shekaru gaɓar takan cinye, ciwon ya dawo ya zauna. Huhhuda ramin domin ɓargo ya tsiro da sabon nama ma sai ga ƙaramin rami, ƙasa da santimita 2 murabba'i, kuma abin da ke tsirowa bai kai na asali ƙwari ba.

In guntun ya farfashe, akwai OATS: a yanko ƙashi da guringuntsinsa daga gefen gwiwarka da ba ya ɗaukar nauyi, a dasa a ramin. Tiyata ɗaya ce, ga matsakaicin rami. Babban rami kuwa sai dashen ƙashin wani, ko MACI, wadda Amurka ta amince da ita a 2016: tiyata biyu, a ɗebi ƙwayoyin guringuntsinka a rene su a ɗakin gwaji, sannan a dasa su a ramin, ga tsada.

Ko Asibitin Ƙashi na Igbobi ka je, ko asibitocin koyarwa na LUTH a Idi-Araba da LASUTH a Ikeja, ka tambayi likita: “Ranka ya daɗe, in ka shiga cikin gwiwar da kyamara ka tarar guntun ba zai mayu ba, me za ka yi, kuma kayan aikin na nan?” Ka tambayi kuɗin gashin ƙashi tun yanzu. Bayan yawancin waɗannan ayyuka za ka yi kamar mako 6 kan sanduna, salla a zaune, ba hawan gadar tsallaka titi, aikin ƙarfi kuma sai bayan watanni. Ka tanadi mai tsaya maka a rumfa da kuɗin cefanen gida kafin ka sa hannu.