Wasiƙa daga Amurka: abin da na gani a ɗakin auna kunne da gyaran magana

Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara duka. Saƙon muryar da kika aiko kan jikanki sai da na saurare shi sau uku. Kin ce ya kai shekara biyu da rabi, ko "Mama" ba ya cewa, sai nuni da hannu, kuma duk wanda aka gaya wa sai ya ce a ƙyale shi, nauyin baki ne, ubansa ma haka ya yi. Maganar ta fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na jira yara suka yi barci na zauna na rubuto miki abin da idona ya gani a nan, don ni ma sau biyu wannan hanya tana biyowa da ni.

Na farko a kan Auta ne. Kwananta ɗaya a duniya wata ma'aikaciya ta turo 'yar na'ura har bakin gadona, ta cusa mata wani ɗan abu mai laushi a kunne tana barci. Na ce lafiya? Ta ce ji za a auna. Abin ya ba ni dariya, jaririyar da ko ido ba ta gama buɗewa ba, wa za ta gaya wa ta ji ko ba ta ji ba? Ashe ba sai ta faɗa ba. Idan sauti ya shiga kunne mai lafiya, katantanwar da ke can ciki takan mayar da wani ɗan amo siriri wanda mutum ba ya iya ji, amma na'ura tana kama shi. Wani masani a Ingila, David Kemp, shi ya gano haka a 1978. Kunnen Auta na hagu bai amsa ba. Ranar ko abinci ban iya ci ba. Suka ce in kwantar da hankalina, sau da yawa ruwan haihuwa ne ke saura a kunne. Bayan mako biyu muka koma, suka manna mata 'yan wayoyi a goshi da bayan kunne, suka duba ko jijiyar ji tana kai saƙo ƙwaƙwalwa. Alhamdu lillahi, lafiya lau.

Ƙa'idarsu a nan lamba uku ce, 1 da 3 da 6: a auna jariri kafin ya cika wata ɗaya, in da shakka a tabbatar kafin wata uku, in da matsala a fara taimako kafin wata shida. Kusan kashi 98 cikin ɗari na jariran ƙasar ana auna su haka. A cikin kowane dubu akan samu biyu zuwa uku da matsalar ji, kuma fiye da tara cikin goma na waɗannan iyayensu masu ji ne garau, babu kurma a dangi balle a yi zargi. To ki kwatanta da mu. A gida sai yaro ya kai uku ko huɗu ana ƙwala masa kira ba ya waiwayowa, a ce taurin kai ne, kafin wani ya tuna da kunne. Kuma kada ki ɗauka abin sai ƙasar masu kuɗi. Wata likita 'yar Najeriya, Bolajoko Olusanya, ta yi bincike a Legas ta nuna ana iya yin wannan awon a wurin allurar rigakafin jarirai, tunda mata da yawa ba a asibiti suke haihuwa ba amma suna kai yara allura.

Na biyu kuwa yayan Auta ne. Kin san tun yana shekara uku ya fara in'ina, kalma ta maƙale masa har ya riƙa runtse ido yana buga ƙafa. Likitan yara ya tura mu asibitin koyarwa na sashen nazarin ji da magana a jami'ar da ke garin da muke. Wata huɗu muna jiran layi, kada ki ce komai a nan sha yanzu magani yanzu ne.

Wurin bai yi kama da asibiti ba. Ƙananan ɗakuna ne da darduma da kayan wasa, kowane da madubi a bango. Ta ciki madubi ne, ta waje taga. Ɗaliba ce ke zama da yaro a ƙasa suna wasa da motoci, ni da malamarta muna zaune a bayan madubin muna kallo muna ji ta lasifika, malamar tana rubutu. An gama, ta kira ɗalibar gefe: a nan kin yi masa tambaya uku a jere ba ki bar shi ya numfasa ba, a can kin ƙarasa masa kalma. Da farko raina bai so ba, na ce wato da ɗana za a koyi aiki. Daga baya na ga ido biyu ne a kansa maimakon ɗaya, kuma kuɗin bai kai na asibitin kuɗi ba, har sukan rage wa mai ƙaramin ƙarfi.

Karatun nasu ba na wasa ba ne. Mai gyaran magana sai ta yi digiri na biyu, ta tara awa 400 tana aiki da masu lalura ƙarƙashin malami, sannan ta ƙara kusan wata tara tana aiki ana duba ta kafin ƙungiyarsu, wadda aka kafa tun 1925, ta ba ta shaida. Masanin ji kuma digirin dakta yake yi, yawanci shekara huɗu bayan digirin farko. Ba yara kaɗai suke gani ba. A ɗakin jira na saba da wani dattijo da ɓarin jikinsa ya shanye, ya san cokali sarai amma sunan ya ɓace masa, da wata malamar makaranta da muryarta ta dishe, da masu shaƙewa in sun zo haɗiyar abinci. Har haɗiya aikinsu ce, abin da ban taɓa kawowa a raina ba.

Ni ma an ba ni nawa darasin, kuma ya fi na yaron zafi. Duk abin da muka tashi muka ga ana yi, "tsaya ka nutsu", "sake faɗa", tsawa, dariyar yayye, sun ce in bari. In rage saurin maganata ni kaina, in dube shi har ya gama, in amsa abin da ya faɗa in ƙyale yadda ya faɗe shi. Sun ce kusan yaro biyar cikin ɗari sukan yi in'ina a wani lokaci, mafi yawansu ta sake su, a bar kusan ɗaya cikin ɗari da ita har girma, kuma maza sun fi mata yawa. Tsoro ba ya kawo ta, kwaikwayon mai yi ma ba ya kawo ta. Tana bin jini. Wani mai bincike, Dennis Drayna, da abokan aikinsa sun buga a 2010 cewa sun gano canji a ƙwayoyin gado a wasu iyalai na Pakistan masu yawan in'ina, daga baya suka bi wani babban gida a Kamaru, nan maƙwabtanmu. Da na ji haka sai na tuna Kawu, Allah ya jiƙansa.

Amma ga inda suka yi tuntuɓe, kuma shi na fi so ki riƙe. Ranar farko ɗalibar ta ɗauko littafin hotuna tana nuna wa yaron yana faɗin suna. Ta nuna doki ya ce "doki". Ta sa masa kuskure. Ta nuna tsintsiya ya ce "tsintsiya", har da 'yar in'inarsa. Kuskure. Sakamako ya fito wai kalmominsa sun gaza na sa'o'insa ƙwarai. Jikina ya yi sanyi. Allah ya sa malamar tana bayan madubi, ta tambaye ni me yake cewa, na fassara mata. Ta soke sakamakon a gabana. Ta ce da yaran da Turanci kaɗai suka tashi da shi aka gina wannan gwajin, yaro mai harshe biyu kuwa sai an haɗa kalmominsa na nan da na can a ƙirga tare. Ta kuma ja mini kunne kada in yarda wani ya ce in daina yi masa Hausa a gida, harshe biyu ba ya jinkirta magana kuma ba ya kawo in'ina. Da a wani wurin ne da babu mai kallo ta bayan madubi, da takardar ta bi shi har makaranta.

Daga nan ne malamar ta roƙe ni in sa shi cikin binciken da ɗalibanta ke yi kan yara masu harshe biyu. Aka kawo mini takarda shafi-shafi: me za a naɗa, wa zai saurara, ina za a ajiye, da cewa ina iya janyewa duk ranar da na so ba tare da an daina duba shi ba. Har shi yaron sai da aka tambaye shi ko yana so. Na ce duk wannan a kan wasa da motoci? Sai ɗalibar ta ba ni wani labari da ake koya musu a aji. A 1939 wani malamin Jami'ar Iowa, Wendell Johnson, wanda shi kansa mai in'ina ne, ya tura ɗalibarsa Mary Tudor gidan marayu a garin Davenport. Yara 22 aka ɗauka. Wasu da maganarsu lafiya lau aka yi ta gaya musu wata da watanni cewa sun fara in'ina, don a ga ko faɗar za ta sa su yi. Wasunsu suka koma tsoron buɗe baki. Sai a 2001 wata jarida ta tono zancen, jami'ar ta nemi afuwa, a 2007 jihar ta biya diyyar dala 925,000. Yanzu ko ɗalibi ne zai yi ɗan bincike da mutane, sai wani kwamiti ya duba ya amince. Na sa hannu.

Ɗalibar nan yanzu ta zama kamar 'yar gida. Ɓ da ɗ da ƙ sun wahalar da ita, ta ce bakinta bai san hanyarsu ba. Ranar da na ce mata kuka na hawaye da kuka ta itace rubutunsu ɗaya, hawa da saukar murya ne kaɗai ya raba su, haka wuyan jiki da wuyar sha'ani, sai ta ajiye biro. Ta ce na'urar da ake dasa wa kurame a katantanwar kunne ta fi rauni daidai a nan, wajen rarrabe kaifin murya da kaurinta, shi ya sa masu bincike suka daɗe suna aiki a kan yaran Sin, tunda harshensu ma haka yake. A ɗakin awo kuma, wanda aka toshe bangonsa har kina jin bugun zuciyarki, akwai jerin kalmomin da ake karanta wa mutum ya maimaita. Na Turanci suke da shi, da na Sifaniyanci. Tsohuwar da Hausa kaɗai take ji in aka kawo ta, ƙarar "ɗiii" za su iya auna mata, amma ko tana gane zance, ba su da ma'auni. Wannan ba aikin da Ba'amurke zai yi mana ba ne. Na'ura ana saye a sa a jirgi. Wane sauti yaron Bahaushe ke fara iyawa, a wace shekara yake raba ra biyun nan namu, sai ɗalibanmu sun zauna da yaranmu sun naɗa sun ƙirga.

Kuɗi kuwa, kada a ruɗe ki. Na'urar ƙara ji guda biyu a hannun masani takan ci dala dubbai, kuma inshorar gwamnati ta tsofaffi, Medicare, ba ta biya. Sai a Oktoban 2022 aka yarda babba mai matsakaiciyar matsala ya saya a kanti ba tare da takardar likita ba. Na san tsofaffi a nan da suke zaune da kurumtarsu saboda tsada. Yara ne dai doka ta tsaya wa: tun 1975 makarantun gwamnati wajibi ne su ba yaro mai lalura taimako kyauta, kuma akwai shirin da ke bin 'yan ƙasa da shekara uku har gida. Mu kuma ƙarancin ma'aikata ne ya fi damunmu. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya ce kashi 93 cikin ɗari na ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ba su da ko masanin ji ɗaya ga mutum miliyan guda.

Yanzu jikanki. Kin ce ya yi zazzaɓi mai zafi yana wata tara har aka kwantar da shi. Ki tambayi uwarsa ko sanƙarau aka ce, ko ƙyanda, ko ya yi shawara mai tsanani yana jariri, ko kunnensa ya taɓa zubar da ruwa, da sunan alluran da aka yi masa in takardar tana nan, don akwai irin su jentamaisin da kan taɓa ji. Kada ku dogara da tafa hannu a bayansa, yaro mai wayo yana ganin inuwa yana jin iska, zai waiwayo ku ce yana ji. Ku kai shi sashen kunne da hanci da maƙogwaro na asibitin koyarwa, ku ce awon ji na yara kuke so, wanda ake yi yana barci. In kunnen lafiya, sai a nemi dalili a wani wurin. In kuma ba ya ji, kada kowa ya hana shi nunin da yake yi, ku ma ku koyi maganar hannu ku riƙa amsa masa, ƙwaƙwalwarsa harshe take nema a wannan shekarun ko ta wace ƙofa ya shigo.

Sannan ki ce wa 'yarki ta biyu, mai karanta Hausa a jami'a da ke neman abin da za ta rubuta kundinta a kai, ta kira ni ranar Asabar da yamma. Ɗalibar nan za ta zo, ta ce tana so su gaisa.

Ki gaida mini kowa da kowa. Ki turo hoton takardar asibitin da zarar kun karɓa.

Ƙanwarki.