Famfon zuƙe baƙin mai: ya biya ni a Marsandi, a Corolla kuwa rabi da rabi

Famfon da na saya irin ƙananan nan ne marasa fitaccen suna da ake shigowa da su daga Chaina, mai aiki da batirin mota, 12V, an rubuta wat 60 a jikinsa. Hannu ɗaya ke ɗaukarsa. Yana zuwa da wayoyi biyu masu maƙali, ja da baƙi, da tiyo biyu: siriri mai ɗan tauri da ake zurawa ta ramin gejin mai har ƙasan inji, da kuma mai kauri da ke kai tsohon man cikin jarka. Aikinsa ke nan, ya zuƙo baƙin mai ta sama, ba sai an ɗaga mota ko an kwanta a ƙarƙashinta an kwance notin juye ba. Na yi aiki da shi a mota biyu da janareta ɗaya, kuma abin da na gani shi ne, amfaninsa ya danganta da irin injin da ke gabanka fiye da ingancin famfon kansa.

Motar da ta sa na saye shi Marsandi C300 ce, ƙirar 2008, mai inji V6. Wannan inji yana shan lita 8 na mai, kuma filtarsa a sama take, kana buɗe bonet za ka ga murfinta a gaba. Notin juyen kuwa yana can ƙasa, bayan faifan robar da ya rufe cikin motar, sai an kwance kusoshinsa an sauke shi. Duk wanda ya saba kai irin wannan mota gareji ya san yadda faifan nan ke ƙarewa: yau an mayar da shi da kusa ɗaya ta ɓata, gobe an ɗaure shi da waya, wata rana ka ji yana jan ƙasa a kan titi. A Turai garejin dillalan Marsandi da yawa ta sama suke zuƙe mai, har ma akwai wasu injinan kamfanin na farkon shekarun 2000 da suka zo babu sandar geji sam, sai bututun kawai da murfi a bakinsa. Masu jiragen ruwa su ma da famfo suke juye, don babu wurin da za a tara kwano a ƙarƙashin injinsu. Saboda haka abin ba sabo ba ne, a wurinmu ne dai bai yaɗu ba.

Yadda nake yi, nakan tayar da mota ta yi ɗumi na ƴan mintuna, in kashe, in bar ta ta ɗan huce har man ya sauko. Takardar da ke cikin kwalin ta ce a yi aiki da mai mai zafin digiri 40 zuwa 60, kuma wannan ba maganar cika takarda ba ce. Mai sanyi ba ya hawa siririn tiyon nan, musamman mai kaurin nan, 20W-50, da yawancin motocinmu ke sha. Da safiyar hunturu sai famfon ya yi ta gurnani, man na tafiya taƙi-taƙi, injin famfon na ɗaukar zafi a banza. Mai da ya fito daga doguwar tafiya kuma yana iya haura digiri 90, ya laushe tiyon, ya ƙona maka hannu. In ka taɓa jikin inji ka ji ɗumi wanda hannu zai iya jurewa, to lokacin ne.

Kafin in kunna famfo sai na fara sassauta murfin filta, na ɗaga shi kaɗan. A irin wannan inji, man da ke cikin gidan filta yana gangarawa ƙasa ne in an buɗe murfin, don haka wanda ya bari sai ya gama zuƙa sannan ya buɗe, ya mayar da tsohon mai cikin kaskon da ya gama kwashewa. Daga nan sai in zare sandar geji, in jera ta da siririn tiyon, in sa alama da salatif a daidai tsawonta. Ina zura tiyon a hankali har ya wuce alamar da kaɗan, sai in ji ya dungure ƙarfe. Nan ake tsayawa. In aka ci gaba da turawa, bakin tiyon lanƙwashewa yake yi ya kalli sama, ya riƙa shan iska alhali ga mai kwance a ƙasa. Ja a maƙala a hannun batir mai alamar tarawa, baƙi a ɗayan, a danna makunni. Da farko ƙarar siririya ce, da man ya iso cikin famfon sai muryarsa ta yi kauri, ka ga baƙin layi yana hawa tiyon, ya gangara cikin jarka.

A kwalin an yi alkawarin gudu mai yawa, amma da mai mai ɗumi abin da nake samu bai wuce lita ɗaya a minti ɗaya ba, wani lokaci ƙasa da haka. Ban damu ba, domin a daidai lokacin nake canza filta da robobinta, in shafa musu sabon mai, in ɗaure murfin. Idan man ya kusa ƙarewa za ka ji famfon yana ƙwarƙwar, kamar yaro ya kai ƙarshen zoɓo da tsinken sha. Kada a kashe nan take. A ɗan ja tiyon sama, a murza shi, a sake saukar da shi. Sau da yawa sai ka ga wani man ya sake tasowa.

Maganar da kowa ke fara yi ita ce ta datti. Bakaniken da nake kai wa aiki, mutum ne da ya san hannunsa, da ya ga famfon sai ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, ai dattin a ƙasa yake kwanciya. In ba a kwance noti ba, juye bai juyu ba." Na ce masa, "To Malam, mu gwada mu gani." Bayan famfon ya gama, muka hau da motar kan rami, ya sauke faifan, ya sa sifana mai lamba 13 ya kwance notin. Abin da ya zubo bai cika kofin shayi ba, kuma launinsa ɗaya da wanda ke cikin jarka, babu gudaji, babu yashi. Dalilin a fili yake. Man inji na zamani yana ɗauke da sinadaran da ke riƙe datti ya riƙa yawo a cikin man, kada ya kwanta, manyan ɓarɓashi kuma filta ke kamawa. In an ɗumama inji kafin juye, dattin na cikin man, duk ta inda man ya fita tare za su fita. Kuma ko ta ƙasa aka juye, akwai man da ke maƙalewa a hanyoyin cikin inji da kan silinda, ba ya taɓa fitowa duka.

Sai dai maganarsa tana da gaskiya a wuri ɗaya, kuma wurin ya shafe mu sosai. Yawancin motocin da muke hawa na hannu ne, ba mu san yadda aka riƙe su ba kafin su iso. Injin da aka daɗe ana wasa da juyensa, ko aka ɗura masa jabun mai, yana tara wani baƙin kitse mai danƙo a ƙasa, wanda siririn tiyo ba zai iya ja ba, hasali ma toshe shi zai yi. Duk motar da ka saya sabuwar shigowa hannunka, juyen farko a yi shi ta ƙasa, ka tsaya da kanka ka ga abin da zai fito. Haka nan shiga ƙarƙashin mota yana da wata fa'ida da famfo ba ya bayarwa: a nan ake ganin yoyon mai tun yana ƙarami, da robar shaf da ta yage, da salansa da ta fara ruɓewa. Shi ya sa har yanzu nakan kai ta kan rami lokaci-lokaci, ko da juye bai kama ba.

A Corolla ta uwargida, ƙirar 2005 mai inji 1.8, labarin daban ne. Tiyon ya shiga lafiya, man ya fito, kuma injin da filtarsa wajen lita 4 kawai yake sha, don haka ba a daɗe ba. Matsalar ita ce filtar tana ƙasa. Dole dai ka durƙusa ka miƙa hannu, dole ka tara kwano domin man cikinta zai zubo, kuma in ka riga ka kai nan, notin juye mai lamba 14 yana kusa da kai. Abin da famfon ya rage mini a wannan mota guda ɗaya ne: ba a taɓa notin ba. Wannan ma ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya taɓa ganin yaron gareji ya taka sifana da ƙafa yana ɗaure noti, ba tare da ya canza washa ba, har zaren ya cinye, mota ta koma ɗigar da mai a tsakar gida. Amma da Corolla kaɗai nake da ita, ko Camry, ko Honda mai filta a ƙasa, da sai na yi tunani sau biyu kafin in fitar da kuɗin. Wanda motarsa kuma ba ta da ramin geji kwata-kwata, kamar wasu sababbin BMW, kada ma ya fara.

Inda ya ba ni mamaki shi ne janareta. Ƙananan injinan nan na gida man da suke sha bai wuce lita 0.6 ba, amma notinsu a wani lungu yake, man na bin jikin ƙarfe ya ɓata siminti. Da famfon, ta bakin da ake zuba mai nake zura tiyo, in jawo batir kusa, kafin a ce me an gama.

Ƙirar famfon kanta tana da rauni da dama. Wayoyinsa gajeru ne, maƙalan kuma laƙo-laƙo, ɗan motsi kaɗan sai su suɓuce. Babu fis a kan wayar, abin da bai kamata ba ga na'urar da ake haɗawa kai tsaye da batir. Na sa mai gyaran waya ya ƙara mini. Siririn tiyon a naɗe ya zo, ya ƙi miƙewa, sai da na tsoma shi a ruwan zafi na rataye shi da nauyi a ƙasa. Mahaɗar tiyo da famfo tana shan iska in ba a matse zoben da sukurdireba sosai ba, kuma da ta sha iska ƙarfin zuƙa ya tafi. Tiyon fitarwa yana tsalle daga bakin jarka in ba a ɗaure shi ba. Ba a barinsa yana aiki babu mai a ciki, don man ne ke shafe haƙoransa, kuma ba a wuce rabin awa ba tare da an bar shi ya huce ba. Bayan an gama, yana ɗigar da mai na kwanaki, sai an toshe bakunan tiyon an sa shi a leda.

Abu ɗaya nake roƙon duk wanda zai saya: kada ya zuƙi fetur da shi. Na san halinmu, ranar da wuta ta ɗauke kuma janareta ba mai, zuciya za ta ce ga famfo, ga tankin mota. Injin cikinsa yana tartsatsi yayin da yake juyawa, maƙalan ma suna tartsatsi a kan batir, tururin fetur kuwa ƙyas ɗaya yake jira. Baƙin mai da dizal ne aikinsa. Ruwa ma ba nasa ba ne, tsatsa zai yi.

Jarkar da nake tara man a ciki mai haske ce, na yi mata alamar lita-lita da maka. Wannan ita ce shaidata a kowane juye: in abin da ya fito ya yi nisa da abin da littafin mota ya ce, to ko tiyon bai kai ƙasa ba, ko injin yana shan mai, kuma duka biyun ina so in sani. Sabon man ma da hannuna nake fasa murfin galan ɗinsa, na san lambarsa, na san adadin da ya shiga. Tsohon kuma ba na yarda ya shiga kwata. Hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta ce man juye ɗaya na iya gurɓata galan miliyan ɗaya na ruwan sha, mu kuwa a unguwanninmu rijiya da burtsatse muke sha. Nakan rufe jarkar in kai gareji, su zuba a duron da suke tarawa masu saye su ɗauka. Safar hannu ma ina sawa, domin tsohon mai ba abin da za a riƙa bari yana zama a fata ba ne.

Idan wannan ya mutu zan sake sayen wani saboda Marsandin, amma zan nemi mai doguwar waya da fis a jiki, wanda kuma ya zo da siririn tiyo fiye da kauri ɗaya, tunda ramin geji ba girma ɗaya yake a kowace mota ba.