Shagon yaran da suka gama karatun zane a Samaru, ga yadda muka yi da su

Tun bayan ƙaramar Sallah nake cewa zan rubuta wannan, sai yau Allah ya yi. Akwai wani ɗan shago a Samaru ba nisa da babbar ƙofar ABU, yara uku ne suka haɗa kuɗi suka kama haya, maza biyu mace ɗaya, dukkansu zane suka karanta a jami'ar, biyu sun gama bautar ƙasa ɗayan kuma yana jiran a kira su. Abin da ya kai ni wajensu hoton zauren gidan kakanmu ne na cikin birnin Zazzau, an rushe shi tuntuni an yi na bulo, hoto ɗaya tak ya rage mana shi ma ruwa ya ci gefensa. So nake a zana min shi babba in ba Baba.

Shagon ƙarami ne gaskiya, kana shiga warin fenti da kananzir ɗin da suke wanke burushi zai tare ka, kanbas jingine ko'ina, wajen zama ma benci ɗaya ne. Amma yaron da ya karɓi aikin ya burge ni tun ranar farko. Ya riƙe hoton nan ya fi minti 10 yana kallo bai ce uffan ba, can sai ya ce "Anti zankwayen saman nan guda nawa ne, kuma bangon an shafe shi da makuba ko jar ƙasa ce zalla?" Wallahi ban sani ba, sai da na kira Baba a waya a gabansa, shi kuma Baba da ya ji tambayar sai hira ta ɓarke, har dagin da ke saman ƙofa sai da ya kwatanta masa. Wanda bai san ginin ƙasa ba ba zai yi wannan tambayar ba.

Ya yi min bayani cewa fentin mai ya fi zurfin launi amma yana kwanaki bai bushe ba, kuma sai an jira watanni kafin a shafa masa banish, wato man da ke kare zane ya sa shi sheƙi, shi kuwa akirilik, fentin da ake sirkawa da ruwa, kafin ka juya ya bushe. Na zaɓi akirilik saboda Sallah nake hari. Faɗi ƙafa 3 tsayi ƙafa 2, dubu 60 har da firam, na ba da rabi. Da na ga kanbas da fentin da ya shiga ciki ban ga tsada ba ko kaɗan, kuma dan Allah masu zuwa suna cewa "ai zane ne kawai" suna taya dubu 10 ku ji tsoron Allah, yaran nan shekara 4 suka yi suna koyon abin nan.

Macen ce ta nuna min wani tsohon hoto da suka manna a bango, na ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, tun kafin a buɗe ABU ɗin kanta a 1962, su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da Demas Nwoko, waɗanda suka dage sai sun zana abin da ke ƙasarsu ba wai su yi ta kwaikwayon Turawa ba. Sai na gane daga inda yaron ya samo tambayar makuba.

To yanzu inda suka ɓata min rai. An ce min sati 2, sai da aka yi sati 5, Sallah ta zo ta wuce. Ka tura saƙo a WhatsApp a buɗe a ƙi amsawa sai bayan kwana biyu, rasit babu, kai ranar farko ma kuɗin aikin sai da suka koma gefe suna ƙus-ƙus kafin su faɗa min, alamar ba su tsayar da farashi ba. Daga baya na fahimci allunan shaguna da banar biki da tambarin 'yan kasuwa suke ta karɓa don su biya haya, shi ne aikina ya koma baya. Na tausaya masu amma da sun faɗa min gaskiya tun farko da ban sa rai ba. Firam ɗin kuma kusurwa ɗaya ta buɗe baki, na mayar suka gyara ba su karɓi ko sisi ba, suka yi ta ba ni haƙuri.

Zanen kansa kuwa ba a magana. Hasken la'asar ya sa a jikin bangon, inuwar zankwaye ta faɗo kan dakali, har tsagewar da ke gefen ƙofa bai bari ba. Da na kai wa Baba ya sa tabarau ya matso, ya ɗora yatsa a kan dakalin ya ce nan Malam yake zama bayan la'asar, daga nan bai ƙara cewa komai ba, ya daɗe a tsaye. Yanzu yana rataye a falonsa, duk baƙon da ya shigo sai an nuna masa.

In za ku kai masu aiki ku je da wuri, ku ƙara sati 2 ko 3 a kan abin da suka ce, ku sa a rubuta kuɗi da rana a takarda, ku duba kusurwoyin firam kafin ku fita. Ni dai na riga na ba macen aiki na biyu, rubutun Larabci a kan ƙyallen da ta rina da kanta, wannan karon mun rubuta ranar karɓa ta sa hannu.