Wane naɗin waya ya dace da na'urarka ta NMR?

Kafin ka tambayi farashin furob, wato sandar nan da ake zurawa cikin maganaɗisun na'urar NMR (mai gano tsarin sinadarai da maganaɗisu da igiyar rediyo), fara duba abin da za ka riƙa aunawa. Aikin duka yana kan ɗan naɗin wayar da ke kewaye samfur: shi ke tura igiyar rediyo, shi ke sauraron amsar da ta dawo.

Solenoyid, mai siffar sifirin, ya fi kowa kunne. Tun 1976 masana Hoult da Richards suka nuna ya ninka naɗi mai siffar sirdi wajen ji kusan sau 3. Sai dai a gicciye yake kwanciya, shi ya sa ya zama na masu auna daskararrun abubuwa ko ɗan ɗigon samfur. Mai bututun ruwa na milimita 5 kuwa sirdi ne nasa, don shi ke barin bututu ya sauko a tsaye.

Inda ake yawan tafka kuskure shi ne wajen zaɓen naɗin ciki. Furob na ruwa naɗi biyu gare shi, ɗaya cikin ɗaya, kuma na kusa da samfur shi ya fi ji. A nau'in da kamfanin Bruker ke kira BBO, na cikin na kabon-13 ne da fosfaras-31 da danginsu; a BBI, haidirojin ke ciki. Ɗakin gwajin da ɗalibai ke layi kullum neman kabon, BBO ne daidai da shi. Wanda kuma ya sha wahalar tatso 'yan miligiram daga saiwar itace, aikinsa HSQC da HMBC (gwaje-gwajen da ake sauraro ta haidirojin), ya ɗauki BBI.

Sai furob mai sanyi, wanda hiliyam ke sauke naɗinsa zuwa kusan kelbin 20. Hayaniya na raguwa, jinsa ya ninku sau 3 zuwa 4. Ninki 3 kaɗai na mayar da gwajin awa 9 ya koma awa 1. Abin sha'awa ne, amma injin sanyinsa ba ya son ɗauke wuta, kuma gishiri a samfur na cinye ribar. Inda lantarki ba tabbas, ni wanda naitirojin ke sanyayawa zan duba, ko ma na talaka marar sanyi.

Lambar ƙarfin jin furob da ke cikin kasidar kamfani da etilbenzin kashi 0.1 cikin ɗari aka auna ta, ba gishiri ko kaɗan. Ka nemi dillali ya gwada naka samfurin, ya turo maka sakamakon kafin a sa hannu.