Teburin gwajin girgizar tauraron ɗan adam: wanne ya cancanci kuɗin sashenku?

Masu roka ba sa karɓar tauraro sai da shaidar gwajin girgiza, domin jijjigar tashi takan kwance kusoshi, ta ɓalle dalmar allon lantarki. Ma'aunin hukumar NASA da aka fi bi wajen ƙananan kaya shi ne girgizar barkatai daga hez 20 zuwa 2,000 (hez shi ne yawan kaɗawa a daƙiƙa ɗaya), mai ƙarfin g 14.1 (wato ninki 14.1 na ƙarfin jan ƙasa), ta fuskoki uku. Malaman injiniya na Sakkwato da ke son ƙera ƙarami irin NigeriaEduSat-1 da aka harba a 2017, ga teburan girgiza iri uku da ke kasuwa.

Mai injin juya nauyi ɗan'uwan injin buga bulo ne, ko kusa da hez 2,000 ba ya zuwa. Mai aiki da matsin mai (haidirolik) kuwa na manyan kaya ne, a 'yan ɗaruruwan hez yake sarewa.

Ni dai mai maganaɗisu nake so. Naɗaɗɗiyar waya ce a cikin maganaɗisu, amfilifaya na tura mata wuta, kwamfuta na tsara yadda za ta kaɗa. Amma Malam, ka yi lissafi kafin ciniki. Tauraro kilo 2, farantin ɗauri da kan teburin kilo 8, kilo 10 ke nan. A g 14.1 kana bukatar tebur mai ƙarfin turi na niyuton kusan 1,400, kuma ka bar rara. Dillalai sukan faɗi ƙarfin kaɗawa mai tsari ɗaya, alhali na kaɗawar barkatai ne zai yi maka aiki. Ka kuma tanadi wuta mai layi uku da ɗaki mai sanyi, don zafin Afrilu ya wuce digiri 40, ƙurar hunturu kuma tana toshe fankar sanyaya teburin.

Inda ake cuta shi ne na hannu. Waya ta ƙone, a shafa fenti, a ce daga Turai ya sauka. A buɗe, ka shinshina, ka duba robobin da ke riƙe kan teburin ko sun tsage. 'Yar na'urar auna girgizar ma akwai jabu. Wani dillali ya taɓa kawo mana ita ɗauke da sunan babban kamfani, lambar jikinta daban, ta takardar tantancewa daban, yana ta rantsuwa wai kuskuren bugu ne. Irin wannan za ta nuna maka g 14 alhali tauraron bai sha rabinsa ba. Kada a biya ko sisi sai an kunna teburin da nauyi a kai, an kai shi hez 2,000, an gwada na'urar auna girgizar da wata wadda aka tabbatar.