Kafin ka biya kuɗin shafin shagonka, buɗe shi a ƙaramar waya

Yayata tana sayar da atamfa da leshi a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da ke Kaduna. Bara ta biya wani yaro ya haɗa mata shafin intanet na shagon. Ranar da ya kawo aikin, a kwamfutarsa ya nuna mata, komai tsaf: hotuna a jere, farashi a gefe, lambar waya a ƙasa. Ta cika masa kuɗinsa har da na mota. Bayan mako biyu wata mai saye ta kira daga Rigasa, ta ce, "Hajiya, na ga sunayen atamfofin, amma ina kuɗinsu?" Da na karɓi wayar Yaya na buɗe, sai ga jadawalin farashin ya yanke a tsakiya, ɓangaren dama ya ɓace, ko ka ja da yatsa ba ya motsi. Na ce, "Yaya, ya taɓa nuna miki a waya kuwa?" Ta ce ko kusa.

Abin da ya faru ba sihiri ba ne. Faɗin fuskar kwamfutar tafi-da-gidanka yakan kai fiksel 1,366 (fiksel su ne ƙananan ɗigon da ake auna fuska da su), alhali wayoyin Android da yawa fiksel 360 burauza, wato manhajar buɗe shafuka irin Chrome, take lissafa musu. Yaron ya ƙayyade wa jadawalin faɗin da ya dace da kwamfuta, ya kuma umarci shafin ya ɓoye duk abin da ya haura iyaka. To, farashin ne ya haura. Akwai kuma wani layi guda a kan shafi da ke gaya wa waya ta yi amfani da faɗinta na gaskiya; idan babu shi, sai ta ɗauka faɗin 980 ne, ta matse rubutun ya koma kamar tururuwa. Sauran dalilan su ne hotuna masu nauyi da sabis ke gajiya kafin ya gama saukewa, da rubutun da ba ya fitowa sai JavaScript, wato umarnin da ke sa sassan shafi motsi da aiki, ya gama nasa aikin, da tsohon kwafin shafi da aka ajiye ake ta miƙa wa waya bayan an yi gyara.

Duk zaɓin da ke gaban mai shago, da wannan ma'aunin nake auna shi: zai fito cikakke a itel ko tsohuwar Tecno, a unguwar da sabis ke ɗaukewa yana dawowa?

Na farko, wanda masu haɗa shafi ba za su gaya maka ba: wataƙila ba ka bukatar shafin ma. WhatsApp Business, wanda ya fito a 2018, yana da kundin kaya da ke ɗaukar har kaya 500, kowane da hotonsa da farashinsa. Kyauta ne, kuma tunda don waya aka yi shi, babu zancen yankewa. Aibinsa shi ne wanda bai san lambarka ba da wuya ya same ka ta binciken Google. Ga mai ɗinki a Kasuwar Barci da abokan cinikinsa duk 'yan unguwa ne, wannan ya wadatar.

Sai dandalin da kake haɗawa da kanka. Google Sites kyauta ne, yana daidaita kansa da faɗin waya, amma adonsa kaɗan ne, bai dace da shagon da kaya ke sauyawa kullum ba. Makarantar Islamiyya da ke son sanar da ranar komawa da kuɗin zango, ita ya fi yi wa amfani. Wix ya fi shi ado nesa ba kusa ba, sai dai a editansa na asali fuskar waya daban ake gyara ta, kuma ana iya ɓoye wani abu a waya alhali yana nan a kwamfuta. Duk lokacin da ka ƙara sabon sashe, dole ka leƙa ɓangaren waya ka tabbatar ya zauna. Biyan kuɗinsa kuma da kuɗin waje ne, kowa ya san yadda canji yake.

WordPress, manhajar gina shafuka, shi ne inda yawancin masu wannan sana'a a Kaduna za su kai ka, kuma ba laifi ba ne: tun 2003 yake, fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya a kansa suke, don haka idan wanda ya haɗa maka ya tafi bautar ƙasa, ba za ka rasa mai gyara ba. Rigimar tana wajen rigar da za a sa wa shafin, wato tsarin da ke ba shi kamanni. Akwai marasa nauyi irin su Astra da GeneratePress da Kadence, kowanne da nau'in kyauta, kuma duk an gina su ne su bi faɗin kowace fuska. Akwai kuma na saye a kasuwanni irin ThemeForest, da dala, masu hotuna masu zamewa da rubutu mai shigowa yana rangaji. A kwamfutar ofis abin sha'awa ne. A wayar da ƙwaƙwalwarta gigabait 2 ce, sai mai saye ya zauna yana kallon farin allo, datarsa na ƙonewa. Ni dai ga mai shago, ta kyauta marar nauyi nake zaɓa, a kashe kuɗin a kan masauki mai kyau, wato inda ake ajiye shafin a intanet, da sunan adireshinsa.

Wadda nake roƙon kowa ya guje mata ita ce rigar saye da aka sato aka fasa makullinta, ana raba ta kyauta. Ba ta samun sabuntawa, don haka ranar da WordPress ya sauya wani abu sai wani sashe ya daina fitowa, kuma sau da yawa akan cusa mata mugun lamba a ciki. Idan mai aiki ya ce zai sa maka riga ta dala 59 ba tare da ka biya ko sisi ba, ka ce ya nuna maka rasidin lasisi. Rigar shafin Yaya irin wannan ce, sai daga baya muka gane.

Wasu za su ce a sa AMP, tsarin da Google ya fito da shi a 2015 don shafuka su yi sauri a waya. Saurin gaskiya ne, amma ta hanyar hana shafi yawancin JavaScript ɗinsa yake samuwa, shi ya sa fom ko maɓallin saye kan ɓace idan ba a daidaita shi da kyau ba. Tun 2021 Google ya daina sharɗanta shi a jerin manyan labarai na sakamakon bincikensa. Mai atamfa ba ruwanta da shi.

A rubuta maka shafi daga tushe shi ne mafi tsada. Idan ka dace da gwani, babu wanda ya kai shi sauƙin buɗewa. Idan ba ka dace ba, ka ɗaure kanka a hannun mutum ɗaya, ko farashi za ka sauya sai ka kira shi. Sai kana da kaya ɗaruruwa da biyan kuɗi ta shafin ne zan ce ka bi nan.

Kowanne ka zaɓa, kada ka cika kuɗi sai an yi gwaji a gabanka, kuma ba a kwamfutar mai aikin ba. Ari wayar yaron shago, kashe wayi-fayi, buɗe da data. Karanta shafi ɗaya daga sama har ƙasa, ka kwantar da wayar a gicciye, ka danna lambar ka ga ko tana kira. Buɗe a Chrome, sannan a Opera Mini, domin mutanenmu da yawa da ita suke tattalin data, kuma a yanayinta na matsanancin tattali shafin yana bi ta na'urorin kamfanin a matse shi, JavaScript kaɗan ne ke tsira. Sai ka liƙa adireshin a PageSpeed Insights, shafin Google mai auna saurin shafuka, ka duba sakamakon ɓangaren waya. Google kansa yanzu fuskar waya yake dubawa wajen jera shafuka, don haka abin da aka ɓoye wa waya kamar an ɓoye masa ne. Ka kuma tabbatar sunan adireshin, ko .com.ng ne da NiRA, ƙungiyar rajistar adireshin intanet na Najeriya, ke kula da shi, ko .com, da sunanka da imel ɗinka aka yi rajistarsa, kalmar sirri tana hannunka.

Shafin Yaya kuwa, yammaci ɗaya muka yi a kansa a gidanta a Unguwar Rimi. Muka cire rigar satar muka sa ta kyauta, muka rushe jadawalin, kowane farashi ya koma ƙarƙashin hoton atamfarsa. Hotunan da ta ɗauka da waya, kowanne kusan megabait 4, muka rage su zuwa ƙasa da kilobait 200 a tsarin hoto marar nauyi da ake kira WebP, zanen leshin bai dushe ba. Ta kira waccan matar ta Rigasa ta ce ta sake buɗewa. Matar ta ce yanzu ta ga kuɗin, sai dai sun yi tsada, a rage mata.