Na gwada alien wajen mayar da rpm zuwa deb: ga yadda muka ƙare

Sikana, wato na'urar ɗaukar hoton takardu, ce ta kai ni ga alien, manhajar da ke mayar da ƙunshin manhaja daga wani tsari zuwa wani. Na sayi na'urar a hannu, na dawo na tarar manhajar da ke sarrafa ta a Linux tana cikin fayil mai ƙarewa da .rpm, irin ƙunshin da Fedora, Red Hat da openSUSE ke amfani da shi. Kwamfutata kuwa Ubuntu ce a kanta, tsatson Debian, wadda ƙunshinta na asali .deb ne, ba .rpm ba. Ga takardu jibge suna jira.

Alien tsohuwar manhaja ce, wani mai rubuta manhaja, Joey Hess, ya daɗe yana kula da ita a baya, kuma tana nan a rumbun Ubuntu, umarni ɗaya ya sauko da ita. Na rubuta sudo alien --to-deb da sunan fayil ɗin, kafin minti ɗaya ya cika sai ga .deb ya fito. Na girka shi da dpkg, manhajar da ke girka ƙunshin .deb, babu ko gargaɗi. Raina ya yi fari.

Na buɗe manhajar ɗaukar hoton takardu, shiru, ba ta ga na'urar ba.

A nan na fahimci abin da alien ke yi da wanda ba ta yi. Marufi take canzawa, kayan ciki suna nan yadda aka shirya su domin wani gida. Fedora tana ajiye fayilolin da ke sarrafa irin wannan na'ura a /usr/lib64, Ubuntu kuma a /usr/lib/x86_64-linux-gnu take nemansu. Wato an sauke kaya lafiya, amma a ɗakin da mai gida ba ya leƙawa. Sai da na yi mahaɗi, wato alamar da ke nuna inda fayil yake, da umarnin ln -s daga wancan wuri zuwa wannan. Na biyu, ƙunshin rpm yakan zo da wasu ƙananan umarni da ke gudana bayan an girka shi, su ne a wajena ke shigar da sunan na'urar cikin jerin SANE, tsarin da Linux ke amfani da shi wajen sarrafa sikana. Alien ba ta kwaso su sai an ce mata --scripts. Da farko abin ya dame ni, daga baya na ga hikimarsa: umarnin da aka rubuta domin wani tsari, ya gudana da cikakken iko a kan naka, zai iya taɓa abin da bai kamata ba. Na buɗe su na karanta layi-layi, sannan na sake juyawa tare da su.

Sauran matsalar ta sunaye ce. Misali, ƙunshin da Fedora ke kira glibc, a Debian libc6 ne, kuma alien ba ta fassara jerin buƙatun rpm zuwa sunayen wannan ɓangaren. Umarnin ldd, mai jero fayilolin da manhaja ke buƙata, ya nuna mini fayil ɗaya da babu, na nemo ƙunshinsa da apt, manhajar sauko da ƙunshi a Ubuntu. Bayan haka sikana ta motsa, fitilarta ta bi takarda.

Me ya sa ban kwance rpm ɗin kawai na kwafe fayilolin da hannu ba? Saboda dpkg yanzu ya san da zaman duk fayil ɗin da ƙunshin ya kawo, ranar da na gama da na'urar zan cire su cikin sauƙi, sai mahaɗin da na yi da kaina. Wannan kaɗai ya sa nake ganin darajar alien. A lura, tana ƙara ɗaya a kan lambar fitowar ƙunshin, sai an sa -k take barinta yadda take.

Takardar bayaninta ta faɗa ƙarara cewa kada a yi amfani da ita wajen maye gurbin ginshiƙan tsari irin su libc da init, kuma na yarda da hakan ɗari bisa ɗari. Manhajar da ke da Flatpak ko AppImage ma, wato ƙunshin da ke aiki a kan Linux iri-iri, can zan fara nufa. Amma ƙaramin direba, wato manhajar da ke sarrafa na'ura, wanda babu shi sai a rpm, zan sake kiran alien, da ldd a kusa. Wata uku ke nan sikanar tana aiki, har sabuntawar tsari ta zo ta wuce ba ta taɓa ta ba.